Gwajin Cutar Lemo: Sai Da Na Biya Sau Biyu Kafin Na San Abin Da Ke Kashe Mini Itatuwa

Tun da na ajiye alli bayan shekara 31 ina koyar da darasin aikin gona a sakandare, ɗan abin da aka ba ni na sallama a lemo na zuba shi. Garkata tana gefen wani rafi da ke gangarawa kogin Kwara, tafiyar kamar minti ashirin a babur daga Yelwan Yauri. Akwai lemun zaƙi mai aure guda 160, da lemun tsami 40 da na shuka da hannuna daga iri, sai ɗan wurin reno inda nake aurar da ƙanana ina sayar wa masu son dasawa. Wurin renon nan ne ya sa na kashe kuɗin da zan ba da labarinsu. Da itatuwana ne kawai, wataƙila da na ce ƙaddara na yi shiru.

Bara waccan, bayan ɗaukewar ruwa, layuka biyu na gabas suka fara sauya kama. Ganye ya dusashe, toho ya tsaya, sai kuma suka yi 'ya'ya rututu, ƙanana kamar ƙwallon goriba, har yaron garkata yana murna wai bana za mu cika mota. Cikin 'yan makonni bakwai daga cikinsu suka bushe a tsaye, 'ya'yan na rataye a jikinsu. Yaron ya ce gara ce. Maƙwabcina ya ce baki ne, in nemi tofi. Wani da ya san magungunan feshi ya ce ruɓewar gindi ce, wadda ke sa itace fitar da ƙaro. Na tona gindi uku, ban ga gara ba, ban ga ƙaro ba. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai: duk waɗanda suka mutu daga hannun mutum ɗaya na saye su, a wata kasuwa, shekara shida kafin nan.

Ɗiyata ta biyu tana karatun kare amfanin gona daga cututtuka a jami'a. Da ta zo hutu ta zagaya garkar, ta tsinke wani reshe da ya fito daga ƙasan wurin aure, ta nuna mini wuyan ganyen mai faffaɗan fiffike. Ta ce, "Baba, wannan gindin lemun ɗaci ne, ba irin wanda kake aurarwa a kai ba." Ta aiki yaro kemis ya sayo aidin na gyambo. Muka ɓantare ɓawo daidai mahaɗar aure, sai ga cikin ɓawon na ƙasa da 'yan ramuka cunkus kamar saƙar zuma. Muka yanki saiwa muka ɗiga aidin, ba ta yi baƙi ba. Ta itace mai lafiya kuwa nan take ta rine. Ni da na koyar da gwajin sitaci da aidin ga ɗalibai ba adadi, ban taɓa tunanin gwada shi a kan saiwar lemona ba. Ma'anarsa dai abincin da ganye ke haɗawa ba ya sauka ƙasa. Hanyar ta toshe a wurin aure, saiwa ta cinye ajiyarta, sannan ta mutu da yunwa.

Sunan cutar tiristeza, kalmar mutanen Fotugal da Sifen mai nufin baƙin ciki. Ta samo sunan a Kudancin Amurka, inda ta share gonakin Ajantina da Barazil tun daga shekarun 1930, kuma ana ƙiyasta ta kashe itatuwa kusan miliyan 100 a duniya, mafi yawansu waɗanda aka aurar a kan lemun ɗaci. Abin takaicin shi ne manoman wancan zamani sun rungumi lemun ɗaci ne don yana jure ruɓewar gindi, sai aka gudu ba a tsira ba. Ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma: a 1949, lokacin ana kiran Gana da Gwalkwas, masu bincike a can suka nuna cewa abin da ke kashe musu lemun tsami ƙwayar bairos ce da darɓa ke yaɗawa. Darɓa kam mun san ta, baƙaƙen nan da ke lulluɓe sabon toho tururuwa na bin su. Ƙwayar ba ta bin iri, amma tana bin idon toho da aka yanko daga reshe don aure. Nan gabana ya faɗi, domin shekara huɗu ina yankar ido a garkar nan ina sayar wa mutanen Shanga da Koko da Ngaski.

Aidin alama ce kawai, ba hujja ba. Ɗiyata ta samo mini lambar wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a kudu, wanda ke karɓar samfurin shuke-shuke. Ba zan ambaci sunansu ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa.

Bari in fara da ƙorafin, don shi ya fara zuwa. Na kira su a watan Afrilun bara. Wani saurayi ya ɗauka, ya ce in tsinko ganye in sa a leda in aiko cikin ƙanƙara, ya turo lambar asusu da fom. Fom ɗin ya tambayi sunana, lambar waya, da irin shukar. Bai tambayi a kan wane gindi aka yi aure ba, bai tambayi shekarun itace ba, bai tambayi yanayin garinmu ba. Na tsinko na itatuwa 12, na cika kular abinci da ƙanƙara, na ba direba a tasha. Motar ta bi ta Kontagora, ta lalace kafin Jebba, saƙon ya yi kwana uku a hanya. Wanda ya san zafin Afrilu ya san abin da ya isa gare su: ganye a jiƙe cikin ruwan ɗumi. Ba su kira sun ce samfurin ya lalace ba. Suka gwada, suka turo sakamako: uku na da cutar, tara babu. Cikin taran har da itacen da rabinsa ya riga ya bushe, wanda da idona na ga saƙar zuma a ɓawonsa.

Har na fara jin sanyi a raina, sai ɗiyata ta ce, "Baba, kada ka yarda da takardar nan." Ta bayyana mini cewa ƙwayar tana raguwa ƙwarai a jikin itace idan zafi ya tsananta, har gwaji ya kasa ganinta, kuma a Yauri ma'aunin zafi kan haura 40 a wannan watan. Ga shi kuma ba ta bazuwa daidai a jikin itace, wani reshe na da ita da yawa wani kaɗan, don haka ana ɗauka ne daga kowace kusurwa. Ni kuwa gefen da hannuna ya kai na tsinka. Duk wannan abu ne da mai karɓar kuɗin gwaji ya kamata ya faɗa kafin ya turo lambar asusu. Kuɗin da suka tafi a wannan zagaye, da na mota da na ƙanƙara, sun kai na buhun shanshera biyu. Ba su mayar mini da ko sisi ba, kuma har yau ina ganin ba su kyauta ba.

Da na matsa da kira aka haɗa ni da wata mata, ita ce ke aikin gwajin da hannunta. Ashe ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta saurare ni har na gama faɗa, sannan ta ce, "Baba, yi haƙuri. Kada ka sake aiko ganye. Jira sanyi ya shigo, zan aiko maka da takarda." Ban gane ba sai da takardar ta zo a Disamba.

Wannan takarda ita ce abin da ya fi burge ni a duk hidimar. Fara ce, ba ta fi tafin hannu ba, an zana mata gidaje kamar dara, an sa ta tsakanin wasu takardu biyu masu kare ta, tare da gargaɗin kada yatsa ya taɓa ta. Aikina shi ne in yanki ɗanyen reshe da sabuwar reza, yanka ɗaya a miƙe, in danna bakin yankan a gida ɗaya kamar mai buga hatimi, in rubuta lambar itacen a littafi. Reshe huɗu daga kowane itace, gabas da yamma, kudu da arewa. Idan ta bushe sai a sa a ambulan. Ba ƙanƙara, ba kula, ba fargabar mota ta kwana a Mokwa. Da asuba muke fita da yaron garka, hazo ya rufe rafi, yana yanka ina dannawa, muka yi itatuwa 60 a safiya uku. A can sai su jiƙa takardar da wani ruwa mai ɗauke da sinadarin da ba ya kama komai sai rigar wannan ƙwayar, sannan su zuba wani da ke fito da launi. Ta turo mini hoto ta WhatsApp ta ƙarƙashin madubin ƙara girma: kowane hatimi da'ira ce, kuma a masu cutar ɗigo-ɗigo na shunayya sun jeru a gefen da'irar, daidai jijiyoyin ƙarƙashin ɓawo inda ƙwayar ke zama. Asalin dabarar ita ce wadda ake kira ELISA, da aka fara amfani da ita kan wannan cuta a 1979. Ta takarda ƙanwarta ce mai sauƙi, kuma ban ga dalilin da ya hana su ba ni ita tun farko ba.

Cikin 60, 51 na da cutar. Har da na layukan yamma, waɗanda ganyensu ke sheƙi kuma suka fi kowa 'ya'ya. Har da 14 cikin lemun tsami 15 da na gwada, su da ba a taɓa aurar da su ba, wato darɓa ce ta kai musu.

Nan na gane cewa tambayar "akwai ko babu" ba ta da wani amfani a garka irin tawa. Kusan kowa na da ita. Tambayar ita ce wace iri. Waɗanda suka ga zamanin korona za su tuna Delta da Omikron: cuta ɗaya, hali daban. Tiristeza ma haka take, sai dai nata nau'o'in sun fi nisa da juna. Akwai T36 da T30 da aka fara bayyanawa a Fulorida ta Amurka, akwai VT daga Isra'ila, akwai T3, akwai RB da ta yi suna a Niyuzilan don tana shiga wani gindi da aka ɗauka ya fi ƙarfin cutar. Wata tana zaune a itace shekara da shekaru ba ta ce masa uffan ba. Wata tana kashe wanda ke kan lemun ɗaci. Wata kuma ba ruwanta da gindi, sai ta rarake katakon reshe da ramuka, itace ya tsumbure, 'ya'ya su ƙanƙance.

Saurayin nan na waya ya so ya sayar mini da wani gwaji mai rahusa, wai shi ne ke raba mai tsanani da mai sauƙi. Sinadari ne da ake kira MCA13, wanda aka fitar a 1990. Na tambayi matar, ta yi ɗan jim, sannan ta faɗa mini gaskiya: an samar da shi ne a kan nau'o'in Fulorida, a can yana raba masu kisa da marasa kisa da kyau, amma a wasu ƙasashe yana kama waɗanda ba su da wani tsanani, don haka amsarsa ba za ta yanke mini hukunci ba. Ta rage wa wurin aikinta ciniki da bakinta. Wannan ya wanke mini rabin haushin Afrilu.

Sai na biya na PCR, gwajin da ke bambance nau'in ƙwayar, amma na itatuwa goma kawai, don kowane ɗaya ya fi kuɗin takardar nan da ta ɗauki itatuwa da yawa. A wannan karon ɓawo na kankaro siriri-siriri daga ɗanyun rassa, na sa cikin 'yan robobin da suka aiko masu ƙwayoyin shan laima, irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Yadda na fahimci aikin: ƙwayar tana ɗauke da rubutun halittarta a wani dogon zare na RNA mai harafi kusan 19,300, wanda aka fara karanta shi cikakke a 1995 daga nau'in T36. Sukan ciro zaren, su juya shi zuwa DNA, sannan na'ura ta yi ta kwafar wani ɗan yanki har ya yi yawan da za a gani. Sirrin yana wurin 'yan guntayen da ke nuna wa na'urar inda za ta fara kwafa. Kamar makullai suke, kowane da ƙofarsa: na VT ba ya buɗe T30. Idan suna da makulli biyar, nau'i biyar za su iya nema, ba ƙari.

Sun ce mako uku, ya ɗauki bakwai. Wani sinadari ne ya ƙare sai an kawo daga waje, sannan ga matsalar wuta. Ban riƙe su da wannan sosai ba, a ƙasar nan muke.

Sakamakon shafi ɗaya ne, da Turanci, jadawali mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Takwas na da VT, kuma biyar cikin takwas ɗin na da T30 a haɗe, wato itace ɗaya nau'i biyu. Ɗaya T30 kaɗai. Na goman kuma gwajin gama-gari ya ce akwai cutar, amma ba makullin da ya buɗe. A ƙasa sai sa hannu da hatimi. Babu layi ɗaya da ya ce wa manomi ga abin da za ka yi. Ni na yi makaranta, ina da ɗiya a fannin, duk da haka sai da muka kwana biyu muna juya takardar. Ina tunanin mai garka a ƙauyen Zamare da zai sayar da tunkiya ya biya, a miƙo masa wannan.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai: itacen gabas da ke kan hanyar mutuwa VT, itacen yamma mai sheƙi shi ma VT. Na sake kiran matar na ce, "'Yata, to me na saya ke nan?" Ta yi dariya ta ce sunan nau'i kamar sunan zuriya ne, yana faɗa maka gidan da mutum ya fito, ba ya rantse maka da halinsa. A cikin VT akwai masu zafi akwai masu sanyi-sanyi. Bambancin itatuwana biyu a gindi yake. Na yamma a kan raf lemon suke, lemon nan mai kaushin ɓawo da yawancin masu reno ke amfani da shi, wanda ke zama lafiya da ƙwayar kamar yadda wani gindin da ake kira Cleopatra ke yi. Na gabas kuwa a kan lemun ɗaci. Hanyar da har yau ake tabbatar da zafin nau'i ita ce tsohuwar: a ɗauki ido daga itacen da ake zargi a manna wa ƙananan itatuwan shaida, lemun tsami da lemun ɗaci da garehul da lemun zaƙi, cikin ɗakin da ƙwaro ba ya shiga kuma zafi bai yi yawa ba, a jira watanni har zuwa shekara a ga abin da zai fito. Su ba su yin wannan. Na goman kuma, in ina son sanin ko wane ne, sai an aika waje a karanta zaren gaba ɗaya, da kuɗin dala. Na ce a bar shi a baƙonsa.

Na ɗan yi wani buri da ya rushe. Na san a Barazil sun ceci lemonsu mai suna Pera ta hanyar sa wa ƙananan itatuwa nau'i mai sauƙi da gangan, ya tare wa mai tsanani hanya, kamar rigakafi. Da na ga itacena mai T30 kaɗai na ce to ga uwar garke, daga ita zan riƙa yankar ido. Ɗiyata ta ce a'a: bincike ya nuna kariyar tana aiki ne tsakanin 'yan gida ɗaya. T30 tana tare T30, ba ta tare VT, shi ya sa ma aka same su tare a itatuwa biyar. Wannan kam ba don gwajin nau'i ba da ban sani ba, kuma da na yi ta sayar wa mutane dashe ina cika baki cewa na yi musu rigakafi.

To, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga mai itace goma a bayan gida, a'a. Ya duba gindi, ya ɓantari ɓawo, ya sayi aidin, ya ajiye kuɗinsa. Cutar ba ta da magani, kuma feshin darɓa ba ya hana ta sosai, tunda ƙwaron kan ɗauka ya kai wa na gaba kafin maganin ya kashe shi. Ga mai sayar da dashe ko mai shirin dasa ɗaruruwa, gwajin takarda ya cancanci kuɗinsa ninki, da sharaɗin a yi shi cikin sanyi ko kan sabon tohon damina, kuma a nace sai an yi magana da mai gwajin, ba mai karɓar waya ba. PCR na nau'i kuwa aikinsu ya yi tsabta, ban kama su da kuskure ba, amma a yi wa itatuwa kaɗan waɗanda ake yankar ido daga gare su, kuma a tambaya tun farko makulli nawa suke da shi da sunayensu. A kuma nemi alkawarin bayani da baki bayan takarda. Ni ba don matar nan ba da takarda kawai na saya.

Na tumɓuke 23 da suka rage a layukan gabas, na ƙone, na maye da waɗanda ke kan raf lemon. Lemun tsamin ne ba ni da dabara a kansu, domin su ko ba aure cutar na cin su. Na fere ɓawon wani reshe na ga katakon duk zane-zanen ramuka, na kuma fahimci dalilin da ya sa 'ya'yansu ke ƙanƙancewa kowace shekara ina ɗora wa taki laifi. Waɗanda na sayar wa dashe na kira waɗanda nake da lambarsu. Wani dattijo a Koko ya ce, "Malam, ai nawa lafiyarsu lau, kada ka tayar mini da hankali." Na ce in sha Allahu za su ci gaba da lafiya tunda gindinsu mai jurewa ne, amma kada ya yanki ido a jikinsu ya ɗora kan lemun ɗaci, kuma ya sa ido kan lemun tsaminsa.

A bayan ɗakin ajiya yanzu akwai ƙananan lemun tsami takwas da na shuka daga iri, cikin gidan sauro ruɓi biyu da uwargida ta ba ni da ƙyar. Na manna wa shida ido daga itatuwan da aka gwada, har da na goman, na bar biyu haka nan don kwatance. Kafin zafi ya shigo na ɗaga sabon ganyen ɗaya daga cikin masu VT na kara shi da rana, sai ga jijiyoyinsa da gajerun layuka masu haske, kamar an ja su da bakin allura. Na T30 bai nuna komai ba tukuna, na goman ma haka. Zafi yana ɓoye alamar, don haka sai Disamba zan sake dubawa, lokacin da zan aika takarda ta gaba da hatimin itatuwa tara da suka fito babu cutar, in ga ko har yanzu darɓa ba ta kai gare su ba.